Bam ɗin otel ɗin King David da ƙawanyar Tel Aviv a 1946: me ya hana sojan Ingila kama waɗanda suke nema?

Malam Ɗahiru:
Assalamu alaikum jama'a. Ga batun da nake so mu tattauna. Ranar Litinin 22 ga Yuli 1946, da ƙarfe 12:37 na rana, ƙungiyar Irgun ta Yahudawa masu ɗauke da makamai ta tayar da bam a otel ɗin King David da ke Birnin Ƙudus. Ɓangaren kudu na otel ɗin nan ne sakatariyar gwamnatin mulkin mallakar Ingila a Falasɗinu take, tare da hedikwatar soja. Nakiya ce ta kimanin kilo 350 aka zuba cikin garewanin madara, aka shigar ta ƙofar ma'aikata zuwa gidan cin abinci da ke ƙarƙashin ginin. Mutum 91 suka mutu: Larabawa 41, Turawan Ingila 28, Yahudawa 17, sauran biyar Armeniyawa biyu ne da Barashe da Bagirke da Bamisire. Galibinsu akawuna ne da masu buga tafireta da masinjoji.

Kwana takwas bayan haka sojoji suka yi wa Tel Aviv ƙawanya, gari guda sukutum, har kwana huɗu. Duk da haka shugaban Irgun, Menachem Begin, yana cikin garin kuma bai shiga hannu ba. Tambayata: ina aka samu kuskure? Ƙarancin soja ne, ko sassauci, ko rashin sanin wanda ake nema?

Baba Audu:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗahiru. Ƙarancin soja dai ba shi ba ne. Sunan aikin Shark, ya fara da asubahin 30 ga Yuli ya ƙare 2 ga Agusta. Runduna ta 6 ta sojojin laima ce ta jagoranta ƙarƙashin Manjo Janar James Cassels, da dakaru kusan 20,000, a kan gari mai mutum kimanin 170,000. Soja ɗaya ga mutum takwas ko tara ke nan.

Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya. Da farko ƙawanyar waje, wadda ake kafawa cikin duhu kafin gari ya farka, ta toshe duk hanyar fita har da bakin teku. Sannan ƙawanyar ciki, a yanka garin unguwa-unguwa da waya mai ƙaya, kowace runduna da nata yanki, don kada wanda ba a bincika ba ya tsallaka inda aka riga aka gama. Sai dokar hana fita dare da rana, da gargaɗin harbe wanda ya karya ta, a bar wa mutane ɗan lokaci kaɗan su nemo abinci. Daga nan ayarin bincike ya bi gida-gida, ya fito da duk baligi zuwa wani shinge a bakin titi. Wanda aka ga alamar tambaya a kansa a tura shi gaba wurin 'yan sandan ciki. Wanda aka sallama a shafa masa tawada don a san an gama da shi.

An tantance mutum kimanin 102,000, aka tsare 787. Ku yi lissafin da kanku. Mutum 25,000 ke nan a rana. In an yi aikin awa goma sha biyu a yini, ya haura mutum 2,000 a awa guda. Soja ba shi ne mai gane fuska ba. Shi nasa kawowa ne kawai. Mai ganewa ɗan sandan ciki ne, su kuma 'yan ƙalilan ne, suna zaune da littafin hotuna, yawancin hotunan tsofaffi. Maƙogwaron aikin ke nan, kuma a nan ya shaƙe.

Malama Hadiza:
Baba Audu, kafin mu yi nisa ya kamata a koma baya da wata ɗaya, don Shark ba shi ne samamen farko ba. A daren 16 zuwa 17 ga Yuni 1946 dakarun Palmach, wato zaratan Haganah, babbar ƙungiyar mayaƙan ɓoye ta Yahudawa, sun karya gadoji goma da suka haɗa Falasɗinu da maƙwabtanta. Kashegarin wannan Irgun ta sace hafsoshin Ingila a Tel Aviv. Martanin gwamnati shi ne aikin Agatha na ranar Asabar 29 ga Yuni, wanda Yahudawa ke kira Baƙar Asabar. An kama mutum kimanin 2,700, aka shiga ofishin Hukumar Yahudawa, mai wakiltar al'ummarsu a gaban gwamnati, a Ƙudus aka kwashe takardu, aka tsare manyanta irin su Moshe Shertok da Dov Yosef a sansanin Latrun. Shugaban Hukumar, Ben-Gurion, yana Faris lokacin, shi ya sa ya tsira.

A ƙauyen noma na Yagur kusa da Haifa an shafe mako ana tono, aka fito da bindigogi sama da 300, ƙananan igwa kusan 100, harsashi fiye da 400,000 da gurneti kimanin 5,000. Babban kamu ne. To amma duk wannan kayan Haganah ne. Irgun da Lehi, wata ƙaramar ƙungiyar 'yan bindigar Yahudawa, ba a ƙauyukan noma suke zaune ba, cikin birane suke. An bar jaki ana dukan taiki. Bam ɗin otel ɗin ma ramuwar Agatha ce, kuma da farko da amincewar shugabannin Haganah aka tsara shi, domin tun Oktoba 1945 ƙungiyoyin uku suna ƙarƙashin inuwa guda. Daga baya ne, da Chaim Weizmann, shugaban ƙungiyar Sahayoniya ta duniya, ya matsa lamba a daina, Moshe Sneh, jagoran Haganah, ya nemi Begin ya jinkirta. Begin ya ɗan ɗaga ranar, amma bai fasa ba.

Abu Safwan:
Ni fa ban yarda da cewa rashin bayani ne kaɗai ba. Sassauci ne ƙarara. Ku duba abin da waɗannan Turawan suka yi wa Larabawa a tawayen 1936 zuwa 1939. A Yunin 1936 sun sa nakiya sun rushe gidaje sama da 200 a tsohon garin Yafa. Sun ci ƙauyuka tarar gayya, sun rushe gidaje kusan 2,000 a faɗin ƙasar, sun rataye Larabawa fiye da 100, an kashe kimanin 5,000. A Halhul cikin Mayun 1939 an tsare maza cikin shingen waya a rana tsawon kwanaki ba isasshen ruwa har wasu suka mutu. A Tel Aviv gida nawa aka rushe bayan an kashe mutum 91? Ko ɗaya. Kwana huɗu aka buɗe gari kowa ya koma harkarsa.

Barista Umma:
Abu Safwan, bambancin da ka kawo gaskiya ne, ba mai musu. Kuma ba rashin doka ne ya jawo shi ba. Dokokin ta-ɓaci na 1945 sun ba su duk abin da suke so: sashe na 111 tsare mutum ba shari'a, na 112 korar sa daga ƙasa, na 119 rushe gida ko ƙwace shi, na 124 dokar hana fita, na 125 rufe yanki. Ga kotunan soja masu ikon yanke hukuncin kisa. Makamin yana hannu, amfani da shi ne aka taƙaita.

Dalilan a fili suke. Ingila ta fito daga yaƙin duniya aljihu ba komai, kuma a watan Yulin 1946 ɗin nan ne majalisar Amurka ta amince da bashin dala biliyan 3.75 da take nema. Shugaba Truman yana matsa wa firaministan Ingila Attlee ya bar Yahudawa 100,000 daga sansanonin Turai su shiga Falasɗinu. Shekara ɗaya kacal da 'yantar da sansanonin kisan Hitila, duk jaridun duniya idonsu na kan ƙasar. Larabawan 1938 ba su da mai tsaya musu a Washintan. Wannan rashin adalci ne da ya kamata a kira shi da sunansa.

Inda na rabu da kai shi ne zaton cewa da an yi wa Tel Aviv irin na Yafa da an kama Begin. Rushe gida yana tsorata mutane, amma ba ya nuna maka ɗakin da mutum yake ɓoye.

Wani abin da ke damuna a matsayin mai karatun shari'a: a Fabrairun 1946 lauyoyin Yahudawa sun taru a Tel Aviv sun yi tir da waɗannan dokoki, cikinsu har da Dov Yosef da Yaakov Shimshon Shapira. Bayan 1948 Isra'ila ta gaji dokokin ba ta soke su ba, kuma sashe na 119 shi ake kafa hujja da shi wajen rushe gidajen Falasɗinawa har yau.

Baba Audu:
Barista ta taɓo inda rikicin yake. A cikin gwamnatin ma baki bai zo ɗaya ba. Fil Mashal Montgomery, wanda ya zama babban hafsan sojan daular a Yunin 1946, ya jagoranci runduna a arewacin Falasɗinu a 1938 zuwa 1939, saboda haka maganin da ya sani ke nan, a sakar wa soja mara. Babban Kwamishina Sir Alan Cunningham, shi ma janar ne, ya ƙi. Hujjarsa ita ce 'yan bindigar 'yan tsiraru ne cikin al'umma ta mutum kusan 600,000, kuma in ka hukunta kowa ka tura masu sassaucin ra'ayi hannunsu.

Ku dubi yadda Begin ya tsira don ku gane matsalar. Yana zaune a wani ɗan gida a Tel Aviv da sunan Israel Sassover, ya tara gemu, maƙwabta sun ɗauke shi malamin addini ne. An gina masa wani ɗan lungu a cikin gidan. Da ƙawanya ta zo sai ya shige ciki. Sojoji suka shiga suka duba, suka tafi da matarsa wurin tantancewa suka dawo da ita, wasunsu ma suka yada zango a harabar gidan. Ya kwana huɗu a ciki kusan ba ruwa. Ayarin da zai bincika gidaje da dama kafin rana ta faɗi ba ya auna kaurin bango, ba ya kwatanta faɗin ɗaki daga ciki da daga waje. Irin wannan bincike na awoyi ana yin sa ne a gida guda da aka riga aka tsegunta maka.

Yanzu ku kwatanta da kamu mafi girma da aka yi a aikin. Yitzhak Shamir, ɗaya daga shugabannin Lehi uku, shi ma ya yi shigar malamin addini da gemu da baƙar riga. Wani sajan na 'yan sandan ciki, T.G. Martin, ya gane shi ta girarsa. Mutum ɗaya da ya san fuska ya yi abin da bataliya ba ta yi ba. Me ya biyo baya? A watan Satumba Lehi ta harbe Martin a Haifa. Haka suka kashe wani jami'in 'yan sandan ciki, Tom Wilkin, a Ƙudus cikin Satumban 1944, wanda yake jin Ibrananci sosai kuma ya fi kowa sanin su. A Disambar 1945 Irgun da Lehi sun tayar da bam a ofisoshin 'yan sandan ciki na Ƙudus da Yafa. Da gangan suke tsokale wa gwamnati ido.

Ɗan Damagaram:
Tambaya Baba: ina aka kai Shamir ɗin? Na ga ana cewa Afirka.

Malama Hadiza:
Iritiriya aka kai shi, sansanin Sembel kusa da Asmara. Tun Oktoba 1944 aka fara wannan, da aka kwashi fursunoni 251 a jirgin sama. An mayar da su Kartago a hamadar Sudan na wani lokaci, aka dawo da su Sembel, daga baya aka kai su Gilgil a Kenya. Shamir ya tsere a Janairun 1947, ya bi ta Habasha zuwa Jibuti. Shi da Begin duka sun zama firaministan Isra'ila, Begin a 1977, Shamir a 1983.

Tunda an zo Afirka, ma'aikatan mulkin mallaka zagayawa suke yi. John Macpherson da ya zama gwamnan Nijeriya a 1948 shi ne babban sakataren gwamnatin Falasɗinu daga 1939 zuwa 1943. Hugh Foot ya yi aikin mulki a Falasɗinu lokacin tawayen Larabawa kafin ya zama babban sakatare a Legas a 1947. Henry Gurney, wanda ya gaji John Shaw a matsayin babban sakataren Falasɗinu bayan bam ɗin otel, daga Gwalkwas aka ɗauko shi.

Malam Ɗahiru:
Na gode Malama. Amma bari in ɗan kare Shark. An samu rumbunan makamai, har da wanda ke ƙarƙashin babban wurin ibadar Yahudawa na Tel Aviv da wanda ke cikin wata makaranta. Sannan a watan Agusta Hukumar Yahudawa ta zauna a Faris ta janye Haganah daga kai wa Ingila hari, haɗakar ƙungiyoyin uku ta wargaje. Wannan ba nasara ba ce?

Malama Hadiza:
Nasara ce, Malam, amma ba Shark ne ya kawo ta ba. Abu biyu suka kawo ta: tsoron da Agatha ya jefa wa Hukumar cewa za a iya rusa duk abin da ta gina cikin kusan shekara ashirin, da kuma kunyar da gawarwaki 91 suka jawo mata a idon duniya. Ita tana da ofisoshi da makarantu da gonaki da asusu, tana da abin asara. Irgun ba ta da ofis. Mayaƙanta na cikakken lokaci kaɗan ne, sauran da rana tela ne ko akawu ko ɗalibi, an kasa su ƙananan rukunai, kowa ya san mutum uku ko huɗu da sunan bogi. Ka kama ɗaya, abin da zai iya faɗa maka kaɗan ne.

Shaida kuwa ita ce kafin wata uku su cika sun dawo. Ranar 30 ga Oktoba suka kai hari tashar jirgin ƙasa ta Ƙudus, kashegari suka tayar da bam a ofishin jakadancin Ingila a Rum.

Lokaci guda da aka taɓa durƙusar da Irgun shi ne bayan Lehi ta kashe Lord Moyne, ministan Ingila a Gabas ta Tsakiya, a Alƙahira ranar 6 ga Nuwamba 1944. Haganah da kanta ta shiga farautarsu, tana kamawa, tana miƙa wa 'yan sanda sunaye ɗaruruwa. Ɗan gari shi ya san lungu. A 1946 wannan haɗin kai babu shi, saboda batun shige da fice. Takardar manufar Ingila ta 1939 ta ƙayyade shigowar Yahudawa, bayan yaƙi ana ba da izini 1,500 kacal a wata, kuma a watan Agustan 1946 ɗin aka fara kwashe waɗanda suka zo ta jirgin ruwa zuwa sansanoni a tsibirin Saifurus. Wanda 'yar uwarsa ke bayan waya a can ba zai kai wa ɗan sanda rahoto ba, ko da yana ƙin Irgun a ransa.

Barista Umma:
A ƙara da takardar Janar Evelyn Barker, kwamandan sojan ƙasar. Kwana kaɗan bayan bam ɗin ya ba da umarni a rubuce yana hana sojoji shiga shaguna da gidajen cin abinci na Yahudawa ko hulɗa da su, ya kuma sa kalaman cin mutunci ga jinsin gaba ɗaya, cewa ta aljihu ake hukunta su. Takardar ta fita, aka manna ta a bango, jaridun Landan da Niyok suka ɗauka, har sai da gwamnati ta nesanta kanta da kalaman a majalisa. Cikin mako guda magana ta tashi daga kan waɗanda aka kashe ta koma kan bakin janar. Ta fuskar aiki ma umarnin cutar kai ne. Kana kukan ba ka da labari, sannan ka hana mutanenka zama inda ake jin labari.

Abu Safwan:
Na karɓi batun leƙen asiri. Amma ai daga baya sun gwada tsanani. Dokar soja ta Maris 1947 fa?

Baba Audu:
Sun gwada, kuma kowane mataki ya juyo kansu. A Disambar 1946 kotun soja ta yanke wa wani matashin Irgun, Binyamin Kimchi, ɗaurin shekara 18 da bulala 18. Da aka yi masa, Irgun ta kama manjo ɗaya da sajan uku ranar 29 ga Disamba ta zane su. Daga nan ba a ƙara yi wa ɗan ƙungiyar bulala ba. A Janairun 1947 suka sace wani alƙali, Ralph Windham, daga cikin kotunsa a Tel Aviv don hana rataye wani ɗan Irgun, Dov Gruner. Gwamnati ta kwashe matan Turawa da yara daga ƙasar, ma'aikatan da suka rage suka koma cikin unguwannin da aka kewaye da waya mai ƙaya. Mai mulki ya kulle kansa, ya ƙara nisa da titi.

Ranar 1 ga Maris aka tayar da bam a kulob ɗin hafsoshi na gidan Goldschmidt a Ƙudus, a cikin yankin tsaron ma. Kashegari aka kafa dokar soja a Tel Aviv da Ramat Gan da Bnei Brak da Petah Tikva da wasu unguwannin Ƙudus. Aka dakatar da gidan waya da tarho da kotunan farar hula, aka hana motoci zirga-zirga, aka rufe shiga da fita. Manufar ita ce a matse tattalin arziki har jama'a su tona asirin 'yan bindiga. Kwana 15 aka yi aka ɗage ranar 17 ga Maris. Hare-hare ba su tsaya ba, har barikin Schneller na Ƙudus aka kai wa farmaki ranar 12 ga wata. Matsalar irin wannan ƙawanya ita ce tana cinye dakaru. Duk bataliyar da ke tsaye a kan shinge an ɗauke ta ne daga gadin layin dogo da bututun mai. Kuma harajin gwamnati daga garuruwan da ta rufe yake fitowa. Abu mafi muni, dokar soja ita ce barazanar ƙarshe da ake tsorata mutane da ita. Da aka yi ta aka ga iyakarta, tsoron ya tafi.

Sai aka koma ga ƙananan ayari cikin farin kaya, waɗanda Bernard Fergusson ya kafa da tsofaffin sojojin kundumbala. Tunanin ya fi na ƙawanya ma'ana, amma mutanen ba sa jin harshen, ba su da horon ɗan sanda, ba mai sa musu ido. Ranar 6 ga Mayu 1947 wani yaro ɗan shekara 16, Alexander Rubowitz, mai manna wa Lehi takardu, ya ɓace a Ƙudus, aka tsinci hular Roy Farran, jagoran ɗaya daga ayarin, a wurin. Kotun soja ta sallami Farran a Oktoba saboda ba a ga gawa ba, amma shirin ya mutu daga nan.

Malam Ɗahiru:
To batun sajan biyun nan na Netanya, shi ma ƙawanya aka yi ko?

Baba Audu:
Ita aka yi. Bayan Irgun ta fasa kurkukun Akka ranar 4 ga Mayu 1947, an yanke wa 'yan Irgun uku hukuncin kisa: Avshalom Haviv, Meir Nakar da Yaakov Weiss. A daren 11 zuwa 12 ga Yuli Irgun ta sace Sajan Clifford Martin da Sajan Mervyn Paice a garin Netanya, dukansu na sashen leƙen asirin soja. Aka rufe Netanya kusan mako biyu ana bi gida-gida, ga gari ƙarami, ba kamar Tel Aviv ba. Mutanen suna cikin wani rami da aka gina ƙarƙashin masana'antar gyaran lu'ulu'u, an rufe bakinsa da yashi mai kauri yadda ko an buga ƙasa ba za a ji rami ba. Ba a gano shi ba. Ranar 29 ga Yuli aka rataye mutum ukun a Akka, Irgun ta rataye sajan biyun, ta kai gawarwakin wani kurmin turare ta dasa nakiya a wurin, wadda ta tashi ta raunata hafsan da ya zo sauke su ranar 31 ga wata. A daren nan 'yan sanda da sojoji suka fantsama Tel Aviv suna harbi, suka kashe Yahudawa biyar. A Libaful da Manchesta aka farfasa shagunan Yahudawan da ba ruwansu.

Barista Umma:
Lokacin kuwa Ingila ta riga ta sanar da miƙa batun ga Majalisar Ɗinkin Duniya tun Fabrairu, kuma kwamitinta yana aikinsa. Soja kusan 100,000 ne a ƙasar da ba ta kai jihar Kaduna girma ba, a shekarar da ake rabon burodi da kati a Ingila kuma ake shirin barin Indiya. Ranar 26 ga Satumba 1947 sakataren mulkin mallaka Arthur Creech Jones ya sanar da cewa za su fice. Bayan rataya ta 29 ga Yuli ba a sake zartar da hukuncin kisa kan wani ɗan Irgun ko Lehi ba har suka tafi a Mayun 1948.

Abu Safwan:
Kuma mayaƙan da ƙawanyar ba ta kama ba, su ne suka shiga ƙauyen Deir Yasin ranar 9 ga Afrilu 1948, Irgun da Lehi tare, suka kashe mutum sama da 100. Ƙauyen bai fi 'yan kilomita daga hedikwatar sojan Ingila a Ƙudus ba, mulki yana hannunsu har lokacin, kuma ba su tura ko soja ɗaya ba.